Gumaguman da Muka Cire daga Rafin Sawtell

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ƙirjina da sauƙi yau. Ƙafar hagu ce ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sai silifa. Na sha ƙwayoyin duka huɗu. Ruwan sama ya sauka jiya, daga taga ina jin rafi ya ɗaga murya. Da matata Verna tana raye da ta ce in je in duba ko kifi sun fara shigowa. Ba abin da zan duba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi baƙuwa. Ta zo da farar motar ofishin kifi na ƙabilar 'yan asalin yankin nan, da doguwar takarda a naɗe a hammata.

"Mista Tollefsen? Sunana Nadine Darrow. Hollis Darrow ƙanin kakana ne."

Na ce ai tun daga mota na gane hancin. Ta yi dariya. Dariyar ma tasu ce.

Ta shimfiɗa taswira a teburin kicin, ta danne kusurwa da kwalbar gishiri. In rani ya zo za su kawo gumaguman itace ɗari biyu da saiwoyinsu, jirgi mai saukar ungulu zai riƙa sauke su cikin rafi, don ruwa ya rage gudu, ya haƙa gurabe, tsakuwa ta tsaya, kifin salmon da ɗan'uwansa da muke kira kan-ƙarfe su sami wurin zuba ƙwai. Za su kuma buɗe tsohuwar hanyar ruwa a gonata ta ƙasa. Na riga na sa hannu kan wannan bara, 'yata Greta ce ta kawo takardar. Matsalar ita ce hoton da suka ɗauka daga sama ya nuna tsofaffin hanyoyi uku a ƙarƙashin ciyawa, guda ɗaya kuma za a ba su izinin buɗewa. Ranar Juma'a 31 ga wata za ta miƙa tsarin.

"Wacce ce ruwa yake bi kafin a miƙe rafin? A ina babban tarin itacen yake?"

Na ce na manta. Shekara tamanin da huɗu ba wasa ba ce.

"Kaka Hollis ya ce haka za ka ce. Ya ce in sake tambaya ta kunnen hagu, wai na daman ne ya mutu tun 1967, ba ƙwaƙwalwarka ba."

Na ba ta gahawa. Ta bar mini taswirar.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Na naɗe taswirar na ɗora kan firji.

Laraba, 8 ga Oktoba, tsakar rana

Na sauke ta. Wanda ya zana ya iya aikinsa, amma bai san wurin ba. Na mayar.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Opal mai kawo wasiƙu ta shigo da su har ciki saboda ƙafata.

"Einar, har yanzu kana nan? Na ɗauka yau zan tarar da kai a miƙe."

"Sai na fara ganin bayanki tukuna."

Ta zauna ta cinye rabin biskit ɗina. Ta ce a shagon Brannock ba maganar da ake yi sai ta gumagumai. Wai gwamnati ta ɗauki mutane aiki a da su kwashe itace daga rafi, yanzu ta ɗauki 'ya'yansu su mayar, nan gaba kuma za ta ɗauki jikoki su sake kwashewa, don kada kowa ya zauna banza.

"Babana yana cikin masu kwashewar. Ba tare kuka yi ba?"

Na ce mutane da yawa sun yi.

"Ya ce kai ne mai littafi, kai ne mai ilimin cikinsu."

Na ce mata motarta ta tare hanya. Babu motar da ke bin hanyar nan sai tata.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Numfashi da ƙyar. Ruwa bai tsaya ba. Na je bakin rumfar kaya na tsaya, na dawo. Akwatin da littafin aikina na da yake ciki yana inda yake, ƙarƙashin tsohon zarto. Ban taɓa shi ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe uku

Greta ta bugo daga Spokane. Ta tambayi ƙafa, ta tambayi ko ina cin abinci, ta sake kawo maganar ɗakin da ta gyara mini a gidanta. Na gaya mata zancen Nadine, ban san dalilin da ya sa na gaya mata ba.

"To Baba, ka nuna musu mana. Mene ne a ciki? Layi ɗaya ne da fensir."

Na ce haka ne.

"Kai da Mista Darrow ɗin nan, me ya haɗa ku ne wai? Mama ta ce shi ne babban abokin ango ranar aurenku, amma ban taɓa ganinsa a gidanmu ba."

Na ce miyata tana kan wuta. Babu miya.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Nadine ta dawo da injiniya, wani dogo mai ladabi, yana kirana "ranka ya daɗe" kamar ni alƙali ne. Ya buɗe na'urarsa ya nuna mini ruwa mai launin shuɗi yana gudu a gonata. Ya ce in ba a sami wani bayani ba, hanya ta tsakiya za su zaɓa, ita ce mafi faɗi, kuma katafila za ta shiga ba wahala.

Ta tsakiya ba ta da ruwa a watan Agusta. Ba ta taɓa yi ba. Ƙasanta rairayi ne zalla, tana shanye duk abin da aka zuba mata. 'Ya'yan kan-ƙarfe sukan yi shekara biyu a rafi kafin su sauka teku. Za su shiga can da damina su ɓuya daga ambaliya, rani ya zo bakin ya rufe a bayansu, tsuntsaye su tsince su ɗaya bayan ɗaya a cikin taɓo.

Ban faɗi wannan ba. Na ce na'urar tana da kyau.

Da za su tafi Nadine ta tsaya a ƙofa ta bar shi ya yi gaba. Ta ce bara salmon goma sha ɗaya suka ƙirga a rafin baki ɗaya, kan-ƙarfe huɗu.

Na ce, "Hollis ya san wurin kamar tafin hannunsa. Me ya hana shi gaya miki?"

"Ya ce ba zai buɗe baki ba sai ka fara. Na ce masa, Kaka, ku biyun nan kun fi kifin taurin kai. Ya ce ai shi ya sa kuka daɗe."

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Kan-ƙarfe huɗu kacal.

Laraba, da yamma

Ina yaro dokin babana yakan ƙi tsallake mashigi a wannan wata, saboda kifi na dukan ƙafafunsa. Sai babana ya sauka ya ja shi yana zaginsa da harshen Norway. In na faɗa wa injiniyan zai ce tsufa ne.

Juma'a, 17 ga Oktoba, tsakar rana

Ƙafa ta saɓe kaɗan. Na yi aski. Na wanke kwanuka, na share kicin, na gyara marfin tukunyar da ya yi shekara uku yana rawa. Na zauna, na tashi. Na leƙa taga sau nawa ban sani ba. Rumfa tana nan.

Sati biyu suka rage.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Na roƙi Opal ta kai ni gada bayan coci. Ta ce ita ba direbar asibiti ba ce, sannan ta zo da bargo da matashin kai.

Daga gada rafin a miƙe yake kamar kwata, tun daga gindin tudu har ƙasan gonata. Ruwa yana gudu ba abin da ke tare shi. Tsakuwa ta tafi tun da daɗewa, sai falalen dutse. Mun daɗe a tsaye. Har na ce mu tafi, Opal ta kama hannuna.

Mace ce, salmon, jikinta ya yi ja, jelarta ta fara farfashewa. Ta kwanta a gefe tana bugun ƙasa da jela, yadda suke yi don su haƙa ramin ƙwai. A kan dutse take bugawa. Ta buga, ruwa ya ja ta baya, ta dawo daidai wurin ta sake bugawa. Babu namiji kusa da ita.

Opal ta ce, "Wannan ba ta da hankali ne? Ba ta ga dutse ba ne?"

Na ce a nan aka haifi iyayen iyayenta. Ba ta san wani wurin ba.

A mota Opal ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ban ci komai ba. Ban buɗe akwatin ba.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe goma

Na ɗauki waya na buga lamba uku daga cikin lambar gidan Hollis, na ajiye. Ashe ban manta ta ba, ko da yake ban san ko har yanzu ita ce ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Na ɗauko akwatin. Sai da na huta sau biyu tsakanin rumfa da ƙofa. Yana kan tebur. Tsatsa ta ci marfin.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Bari in rubuta a nan tukuna, in ga ko hannuna zai yarda.

A 1967 ina da shekara ashirin da shida, na yi shekara biyu a kwalejin gandun daji, a kwarin nan ba wanda ya kai ni karatu. Hukuma ta ce kifi suna raguwa saboda gumagumai sun toshe musu hanya. Haka aka koya mana, haka yake a ƙasidar da suka buga, har da hoton kifi yana kallon itace kamar yana kuka. Aka ba ni mutum shida, da zarto, da katafila, da nakiya, aka ce in share Rafin Sawtell daga baki har tushe. Na yi alfahari da aikin. Kowane tarin itace na rubuta shi a littafi kafin mu cire: inda yake, girmansa, zurfin ruwan da ke bayansa.

Na goma sha bakwai shi ne babba. Wani tsohon itacen al'ul ne ya faɗi a lanƙwasar arewa, ƙarƙashin tudu, tun ba a haifi kowa ba, wasu suka taru a kansa har tarin ya fi gida tsawo. A ƙasansa akwai gurbi mai zurfin mutum biyu, kuma wani idon ruwa mai sanyi yana fitowa daga gindin tudu yana zuba a ciki, ko a tsakiyar rani haƙora ba sa jure shi. A nan dangin Darrow suke kamun kifi tun kakanninsu. A nan ni da Hollis muka koyi iyo, a nan ya fizgo ni da gashi ranar da na kusa nutsewa.

Hollis yana yaƙi a lokacin, an ɗauke shi soja watanni biyar kafin nan. Mahaifiyarsa ce ta zo, Misis Darrow, da atamfar kicin a jikinta, hannunta duk warin hayaƙi. Ta ce, "Einar, ɗana, kifin nan ta ƙarƙashin itacen suke wucewa. Tun kafin a yi kakanka suke wucewa. Ka sunkuya ka duba." Ban sunkuya ba. Na ciro ƙasidar daga aljihu na nuna mata hoton. Na karanta mata sakin layi guda, a hankali, yadda ake karanta wa yaro. Matar da ta ciyar da ni a teburinta sau ɗari.

Ta ƙi barin bakin rafin. Na sa mutum biyu suka riƙe ta suka ja ta baya. Na sa sandar nakiya talatin da biyu. Ni na kunna, kuma saboda ina juyowa ina kallonta ban yi nisa yadda ya kamata ba. Nan kunnen ya tafi.

Kifin da ke cikin gurbin suka taso, fararen cikinsu a sama. Ba mu ƙirga ba. Ta shiga ruwa har gwiwa tana tsince su a atamfarta, ba ta kalle ni ba. Bayan sati katafila ta yanka hanya miƙaƙƙiya, muka rufe lanƙwasar da ƙasa. Hukuma ta aiko mini da takardar yabo.

Cikin shekara biyar ɗakin da take kyafa kifi ya zama wurin ajiye taya. Shi kuwa Hollis tun bayan shekara ɗaya ya dawo daga yaƙi, ya je ya gani, ya zo ƙofar gidan nan ya tsaya. Na fito ina jiran ya doke ni. Ya dube ni, ya juya. Shekara hamsin da bakwai ke nan. Daga baya na sayi gonar da wurin yake ciki, na ce wa Verna don ciyawa ce. Don kada kowa ya taka wurin ne.

Da aka gane kuskuren, kowa ya ce ba laifinmu ba ne, abin da aka sani ke nan a lokacin. Gaskiya ne. Amma ita ta sani, ta kuma gaya mini.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya

Na bugo wa Nadine. Na ce ta zo da shebur.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Ta karanta littafin a tsaye. Da ta kai shafi na goma sha bakwai ta zauna. Na gaya mata sauran, wanda ba ya cikin littafi, har da mutum biyun da suka riƙe tsohuwar. 

Ta rufe littafin. Sannan ta ce, "A gidanmu an ce wani ɗan gwamnati ne daga birni."

"Wa ya ce?"

"Ita da kanta. Haka ta gaya wa kowa har ta rasu. Kaka Hollis ne kawai bai taɓa maimaitawa ba."

Wannan ban san shi ba. Na tashi na je na tsaya gaban famfo kamar mai neman ruwa.

Da na dawo ta buɗe taswira ta miƙo mini fensir. Na ja layin arewa. Na sa alama a gindin tudu inda idon ruwan yake, na rubuta yadda yake a littafi: al'ul yana taku arba'in ƙasa da ido. Na gaya mata abin da hanyar tsakiya za ta yi wa 'ya'yan kifi a Agusta.

Ta ce, "Kwana goma ka bar ni ina shirin haƙa musu kabari."

Na ce haka ne.

Ba ta sha gahawar ba. Amma ta tambaya ko za ta iya tafiya da littafin, akwai sauran tari ashirin da biyu a ciki da take son gani.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe uku

Tun safe ina bakin taga da madubin hangen nesa na Verna, wanda take kallon tsuntsaye da shi. Nadine da injiniya suna haƙa a gindin tudu. Wajen tsakar rana na ga ya durƙusa ya sa hannu a ramin, ya fizge shi yana yarfewa. Ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya. Sannan ta yi taku tana ƙirgawa, ta kafa fegi mai jan ƙyalle.

Ta shigo da taɓo har cinya, ta ɓata mini kicin ɗin da na share.

"Yana nan! Shekara hamsin da takwas a binne, yana nan yana gudu. Ta arewa za mu buɗe. Injiniya yana gunaguni saboda katafilarsa, amma ya yarda."

Ta ce al'ul mafi girma da suka samu za su ajiye a wurin fegin. A ƙofa ta tsaya tana goge takalmi, ba ta dube ni ba.

"Na gaya wa Kaka Hollis ka fara. Ya ce gobe zai zo."

"Nan gidan?"

"Ya ce zai zo. Ban tambaye shi ina ba."

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ƙafa ta yarda da takalmi. Na sa farar riga. Opal ta kawo kek ɗin tuffa jiya ba tare da na roƙa ba, ta ce kada in cinye kafin baƙo ya zo, ta san halina. Na fito da kofuna biyu. Baƙin gahawa Hollis yake sha, da sukari uku, in bai canza ba.

Lahadi, ƙarfe goma

Na ɗumama gahawa. Na matsar da kujera don kunnen hagu ya fuskanci ƙofa.

Lahadi, ƙarfe ɗaya

Na zubar na dafa sabuwa. Na shirya abin da zan ce, na rushe, na sake shiryawa. Duk yadda na juya shi gajere ne.

Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi

Wajen ƙarfe uku wata koriyar akori-kura ta tsaya a gada. Na ɗauki madubi. Hollis ne. Ya tsufa, ya ranƙwafa, yana dogara sanda, amma tafiyar ba ta canza ba, kafaɗar dama a gaba. Ya daɗe yana kallon ruwa daga gada. Sannan ya buɗe ƙyauren gonata ya shiga, ƙasar da bai taka ba tun da ya dawo daga yaƙi.

Ya je gindin tudu ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi ruwan idon da hannu ya sha. Ya tashi ya je wurin fegin. Ya dubi tudu, ya dubi fegi, ya girgiza kai. Ya tuge shi, ya yi gaba taku bakwai, ya kafa, ya buga da dutse.

Daidai ne. Takun da ke littafin nawa ne, na ɗan shekara ashirin da shida mai dogayen ƙafafu. Nadine gajera ce. Ina kallonta jiya tana ƙirgawa, ban lura ba. Gobe zan bugo mata in ce kada kowa ya taɓa fegin, inda yake yanzu nan ne wurin.

Da ya gama ya juyo ya fuskanci gidan. Na ɗaga hannu, ban san ko ana gani ta gilashi daga can ba. Ya tsaya haka, ni ma na tsaya. Sannan ya koma, ya rufe ƙyauren da kyau, har da ɗaura igiyar.

Na saurari motar da kunnen hagu. Daga gada, mai zuwa gidan nan dama yake yi.

Lahadi, ƙarfe shida

Na rufe kek ɗin da kwano. Kofinsa na bar shi a tebur. Hollis bai zo ba.